Illolin Magungunan Taɓin Hankali da Yadda Ake Fassara Su a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Duk maganin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Wannan magana ta shafi kowace irin ƙwaya da allura, amma ta fi nauyi a kan magungunan da likitoci ke ba masu taɓin hankali, saboda dalilai uku. Na farko, akan sha su tsawon watanni ko shekaru, wani ma iyakar rayuwarsa. Na biyu, mai shan su sau da yawa ba ya cikin halin da zai bayyana abin da yake ji a jikinsa, in kuwa ya bayyana ba safai akan gaskata shi ba, tun da an riga an yi masa shaidar hauka. Na uku, wanda shi ne ginshiƙin wannan lacca, illolin magungunan nan sun yi kama ƙwarai da wasu abubuwa da jama'a suka riga suka sani da wasu sunaye. Wuyan da ya murɗe a ce sanƙarau ne, idon da ya ƙafe sama a ce iska ce ta hau, ƙafar da ta kasa zama wuri ɗaya a ce ciwon ne ya tashi.

Ƙasar Zamfara ba baƙuwa ba ce ga bayani a kan ciwon hankali. Dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya shahara a tarihi da zama wurin bautar iskoki na Maguzawa, 'Yandoto kuwa, cikin ƙasar Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce tun kafin Jihadi. Saboda haka iyalin da ɗansu ya kamu suna da inda za su nufa tun kafin su tuna da asibiti, suna kuma da inda za su koma da zarar maganin asibiti ya nuna musu abin da ba su gane ba. A nan ne ake yin kuskure iri biyu: ko a jefar da maganin gaba ɗaya, ko a ninka shi. Kowannensu yana iya jawo asarar lafiya, wani lokaci har ta rai.

Asalin Magungunan

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, abin da aka mallaka domin mai tsananin taɓin hankali bai wuce mari da ɗaki mai kulle ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe gidan mahaukata a Yaba ta Ikko a 1907, ta kafa dokar mahaukata a 1916, a Arewa kuwa akasari kurkukun En'e ne matattararsu. Masu maganin gargajiya a ƙasar Yarbawa sun daɗe suna amfani da saiwar wani itace mai kwantar da mai hauka, irin wanda aka ciro sinadarin risafin daga ɗan'uwansa na Indiya a 1952, amma ba su da hanyar auna ƙarfinsa.

A watan Disamba 1950 wani masanin harhaɗa magani mai suna Paul Charpentier, a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, ya haɗa sinadarin kuloforomazin. Likitan fiɗa Henri Laborit ya lura yana sa majinyaci ya natsu ba tare da ya suma ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a kan masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne da ke Faris, suka ga mutanen da suka yi shekaru suna jin muryoyi suna faɗa da kowa sun lafa, har ana iya zance da su. Wannan shi ne maganin da aka sani da Largactil, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi bayarwa a Nijeriya saboda araharsa. A 1958 kamfanin Paul Janssen na Beljiyam ya fito da halofaridol, watau Haldol. Daga baya aka sami allurai masu daɗewa a jiki, irin su Modecate, wadda akan yi sau ɗaya cikin 'yan makonni.

Zuwan magungunan nan ya taimaka wa Dokta Thomas Adeoye Lambo a shirin da ya fara a Aro ta Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zaune cikin ƙauyuka tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Darasin Aro yana nan daram: ɗan'uwan da ke kwana ɗaki ɗaya da majinyaci shi ne ke fara ganin abin da magani ke yi masa, tun kafin likita ya gani.

Yadda Suke Aiki

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin, wanda Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya bayyana muhimmancinsa, har aka ba shi lambar Nobel a shekarar 2000. A wurin mai taɓin hankali irin wanda ke sa jin muryoyi da zargin mutane ba gaira ba dalili, saƙon dofamin yakan yi yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa. Aikin maganin shi ne toshe ƙofofin da saƙon ke shiga.

To, amma dofamin hanyoyi huɗu yake bi. Ta ɗaya ta shafi abin da mutum ke ji da abin da yake zato. Ta biyu ta shafi himma da sha'awar yin abu. Ta uku ita ke daidaita motsin gaɓoɓi. Ta huɗu ita ke riƙe linzamin sinadarin da ke kawo ruwan nono. Ana iya kwatanta wannan da madatsar ruwa irin ta Bakolori, a ce ƙofa ɗaya ce ke ba magudanai huɗu ruwa. In aka rage ta domin gonar da ruwa ya yi wa yawa, sauran gonaki uku su ma nasu ya ragu, ko da yake ba su yi ƙorafin ambaliya ba. Yawancin illolin da za a ambata daga nan suka samo tushe.

Binciken hoton ƙwaƙwalwa da aka yi a Suwidin da Kanada ya nuna cewa magani yakan fara amfani idan ya toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na ƙofofin nan, illar motsi kuwa takan yawaita idan ya haura kashi 80. Tazarar ke nan, ba ta da faɗi. Shi ya sa ƙarin ƙwaya a kan abin da likita ya ƙayyade ba ya gaggauta sauƙi, sai dai ya gaggauta wahala. Amfanin maganin a kan muryoyi da zargi yakan ɗauki makonni kafin ya cika, alhali barci da kasala tun daren farko suke zuwa. Wanda bai san wannan ba zai ga illa kafin ya ga amfani, ya yanke hukunci tun ba a je ko'ina ba.

Illoli Huɗu da Ke Bayyana a Motsi

Ta farko ita ce murɗewar tsoka. Takan zo cikin kwanaki biyar na farkon shan magani ko na ƙara shi, ta fi kama samari, kuma halofaridol ya fi kawo ta. Wuya ya karkace gefe ko baya, haɓa ta sarƙe, harshe ya fito ya ƙi komawa, idanu su juya sama su ƙafe. Majinyaci yana cikin hayyacinsa, yana jin zafi da tsoro. Jihar Zamfara ce ta fi jin jiki a annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda a faɗin ƙasa aka ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, saboda haka babu laifi ga uwar da ta ga wuyan ɗanta ya sandare ta firgita. Bambancin shi ne sanƙarau yana zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, yakan kuma gusar da hankali, murɗewar magani kuwa babu zazzaɓi a tare da ita. Farfaɗiya tana kayar da mutum ta ɗauke masa sani, wannan ba ta yi. Allura ɗaya a asibiti takan sake tsokar cikin 'yan mintoci. Haɗarinta shi ne idan ta kama maƙogwaro numfashi ya fara wuya, a nan babu jira. Ya kamata a sani kuma cewa wasu magungunan amai, irin su Maxolon da Stemetil, waɗanda akan saya a kyamis a ba yara, suna kawo wannan murɗewa, domin su ma ƙofar dofamin suke toshewa.

Ta biyu ita ce sandarewa da karkarwa, mai kama da cutar tsofaffi wadda likitan Ingila James Parkinson ya siffanta a 1817. Takan zo cikin makonni. Fuska ta daskare kamar ba a jin daɗi ko baƙin ciki, tafiya ta koma jan ƙafa, hannuwa su daina lilo, yatsu su riƙa rawa, yawu ya riƙa dalala. Da yawa daga abin da mutane ke nunawa a kan titi su ce kamannin mahaukaci ne, a gaskiya kamannin magani ne da ya yi yawa. Manomin da ya kai wannan hali ba ya iya riƙe fartanya yini guda, tela ba ya iya zura zare. Rage awo ko sauya magani yakan gyara ta.

Ta uku ita ce gaza zama, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Majinyaci yana jin wani ƙunci a cikin ƙafafunsa da ƙirjinsa wanda ba ya barinsa ya tsaya. Ya zauna ya tashi, ya kai ya komo a tsakar gida, ya kasa tsayuwa a sahu har a idar da salla. Masu jinya sai su ce ciwo ya dawo, su ƙara ƙwaya, abin ya ƙaru, su sake ƙarawa, ƙarshe a ɗauko mari. Ɗaure mai wannan hali azaba ce a kan azaba, kuma likitoci sun danganta tsananinta da yunƙurin kashe kai. Tambaya ɗaya takan raba gardama: shin tunani ne ke korarsa, ko kuwa jikinsa ne ya ƙi kwanciya? Mai gaza zama yakan amsa sarai cewa ƙafafunsa ne. Maganinta rage awo, akwai kuma ƙwayar da likita kan ƙara domin ta.

Ta huɗu ita ce motsin da ke zuwa a makare, bayan watanni ko shekaru. Baki ya riƙa tauna babu abinci, leɓɓa su riƙa tsotso, harshe ya riƙa leƙowa, wani lokaci yatsu da kafaɗu su shiga. Sau da yawa mai abin bai san yana yi ba. A tsofaffin magunguna an ƙiyasta kimanin mutum 5 cikin 100 ke kamuwa a kowace shekarar sha, tsofaffi kuwa sun fi haka nesa. Wannan ita ce illar da kan ƙi tafiya ko bayan an daina magani, shi ya sa ganinta da wuri yake da muhimmanci. A 2017 aka amince da magungunanta na musamman a Amurka, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Abin da ke hannu shi ne a riƙa duba bakin majinyaci da harshensa lokaci lokaci, a kai rahoto tun motsin yana ƙarami.

Batun Artane

Domin maganin murɗewa da sandarewa likitoci kan haɗa wa majinyaci wata ƙaramar ƙwaya, banzekzol, wadda aka sani da Artane ko Exol. Tana da amfani a inda aka buƙace ta, sai dai akwai abubuwa uku game da ita. Ba ta yin wani abin kirki ga gaza zama. Tana ƙara tsananta motsin baki mai zuwa a makare. Sa'an nan ita kanta tana busar da baki, ta dushe gani, ta ƙulle ciki, ta riƙe fitsari musamman ga dattawa, ta kuma raunana tunani. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a riƙa ba da ita ga kowa a matsayin riga-kafi na dindindin.

Har wa yau ƙwayar nan ta shiga sahun kayan maye a Arewa, hukumar NDLEA tana yawan kama ta tare da taramol. A gidan da ke da majinyaci da kuma matasa, wajibi ne babba ya riƙe maganin a wurin da ke kulle. Wani abin lura shi ne zaƙami, wanda kan shiga wasu haɗe-haɗen gargajiya, aikinsa a jiki irin na wannan ƙwaya ne. In aka tara Largactil da Artane da jiƙon da ke da zaƙami a ciki ɗaya, ana iya samun ruɗewa da gane-gane da zafin jiki, a ɗauka haukan ne ya ƙaru. Addu'a da ruƙiyya ba su karo da ƙwayar asibiti, amma duk abin da za a sha ko a yi hayaƙinsa ya kamata likita ya san da shi.

Rana, Aiki da Azumi

An ƙirƙiro magungunan nan a ƙasashen sanyi, ana kuwa shan su a Gusau, inda zafin bazara a watannin Maris zuwa Mayu kan kai awo 40 ko ya wuce. Kuloforomazin da Artane suna rage gumi, suna kuma raunana yadda jiki ke daidaita zafinsa. Mai shan su da ya yini a rana yana sharar gona ko yana tafiyar ƙasa yana cikin haɗarin bugun zafi fiye da abokin aikinsa. Dabarar ita ce a yi aiki da sassafe da la'asar, a nemi inuwa da tsakar rana, a yawaita shan ruwa.

Kuloforomazin yana kuma saukar da jini idan mutum ya miƙe farat ɗaya, sai jiri ya ɗebe shi. Tashi daga tabarma da asuba, ɗagowa daga sujada, tsayuwa a bakin rijiya, hawa bishiya domin sassabe, duk wurare ne na faɗuwa, musamman a makonnin farko. A zauna tukuna a bakin shimfiɗa kafin a miƙe. Barcin da yake sawa kuwa ya isa dalilin da ɗan kabu-kabu ko direba zai dakata da tuƙi har jikinsa ya saba, a kuma roƙi likita ya mai da mafi yawan awon zuwa dare. Wani lokaci, cikin watan farko ko na biyu, yakan taɓa hanta ido ya yi ɗorawa. Kafin a ce shawara ce a shiga jiƙe-jiƙe, a koma asibiti da kwalin maganin.

Game da watan Ramalana, yawancin magungunan nan ana iya shirya shan su tsakanin buɗa-baki da sahur, allurar wata-wata kuwa ba ta da wannan matsala. Shirin nan da likita ake yinsa tun cikin Sha'aban. Wanda azumi zai jefa cikin haɗari, shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame, malamai kuwa suna kusa domin a tambaye su.

Aure da Haihuwa

Akwai illar da ba a faɗa a gaban jama'a, ita ce kuwa ta fi sa mutane barin magani a ɓoye. Idan aka toshe hanya ta huɗu, sinadarin furolaktin yakan hau. Mace sai haila ta ɗauke mata, ƙirjinta ya kawo ruwa alhali ba ta shayarwa. Ga matar aure akan ce ciki ne, in watanni suka shuɗe bai girma ba a ce kwantacce ne. Ga budurwa ko bazawara kuwa abin yakan zama zargi mai zubar da mutuncin gida, ga mai idda kuma ya rikita mata lissafi. Gwajin fitsari mai araha ya isa ya kashe wannan magana a yini ɗaya. A kuma kiyaye, ɗaukewar haila ba tabbacin cewa ciki ba zai shiga ba ne. Matar da ta sami ciki tana kan magani kada ta yanke shi da kanta, domin dawowar ciwon a lokacin goyon ciki ko jego haɗari ne gare ta da jaririn.

Namiji kuwa sha'awarsa takan ragu, ko ƙarfinsa ya gaza. Kunya ta hana shi faɗa wa likita, sai ya zaci an yi masa sammu, ko ya nufi masu tallar maganin maza a tasha, ko ya daina ƙwayarsa shiru. Likita yana da abin yi a nan, domin magungunan sun bambanta: halofaridol da risfaridon sun fi ɗaga furolaktin, arififirazol kuwa ba ya ɗaga shi. Akwai kuma akasin haka, wanda ba kasafai yake faruwa ba, watau gaba ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya. In ya kai sa'a huɗu, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne, masu ciwon sikila kuwa sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Sababbin Magunguna

Daga shekarun 1990 aka sami wani rukuni: risfaridon a 1993, olanzafin a 1996, da wasu bayansu. Sun rage illar motsi, amma sun zo da tasu. Olanzafin musamman yana buɗe ciki, mutum ya yi ta ci yana ƙiba, sukari da kitsen jini su hau. A al'adar da ke ɗaukar ƙiba alamar samun lafiya, dangi sukan yi murna su ce magani ya karɓe shi, alhali ciwon sukari da hawan jini ne ke tafe. Ya kamata a auna nauyi da jini da sukari kafin a fara, a sake bayan wata uku, sa'an nan kowace shekara. Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare alamu ne da ba a jira da su. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2005, a kan majinyata fiye da 1,400, ya gano kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18, sabo da tsoho duka. Watau wahalar zama a kan magani ba ta mutanen karkara kaɗai ba ce.

Kulozafin shi ne ke aiki a inda saura suka gaza, sai dai yana iya karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta a wurin kimanin mutum ɗaya cikin ɗari. Mutuwar wasu majinyata a Finlan a 1975 ta sa aka janye shi a ƙasashe da dama, bai dawo sosai ba sai bayan 1988, bisa sharaɗin gwajin jini a kai a kai. Mai shan sa da ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, gwajin jini ne farkon abin yi. Mutanen Afirka da yawa adadin waɗannan ƙwayoyi nasu a halitta ƙasa yake da na Turawa ba tare da wata cuta ba, likita yakan yi la'akari da haka wajen karanta sakamako.

Alamun da Ba Sa Jiran Gobe

Mafi haɗarin illolin duka shi ne zazzaɓin magani mai sandarar da jiki. Bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma yana kisa. Alamunsa huɗu ne a tare: zafin jiki mai tsanani, sandarewar gaɓoɓi duka, gumi da bugun zuciya da sauri, da gushewar hankali. A damina kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, a bazara a ce sanƙarau. Ko wanne ne daga cikin ukun, hukuncin ɗaya ne: a dakatar da ƙwayar, a sanyaya jiki da ruwa, a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa ma'aikatan jinya sunan maganin da ranar allurar ƙarshe. Wannan ne wurin da ake tsai da magani ba tare da jiran izini ba.

Suma ko bugun zuciya marar tsari shi ma na gaggawa ne. Halofaridol da kuloforomazin suna iya taɓa tsarin bugun zuciya, kwinin da wasu magungunan ƙwayoyin cuta suna ƙara wannan, don haka duk mai rubuta wa majinyaci maganin zazzaɓi ya san abin da yake sha. Tsofaffi masu gigin tsufa kuwa, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005, ta faɗaɗa shi a 2008, cewa magungunan nan suna ƙara musu haɗarin mutuwa. Ba daidai ba ne a sayo Largactil a kyamis domin tsoho ya yi barci gida ya huta.

Nisa, Hanya da Yanke Magani

Duk abin da aka zayyana yana buƙatar komawa wurin likita, a nan kuwa ƙasar Zamfara tana da nata cikas. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200. Mutumin ƙauyen Tsafe ko Bunguɗu zai fara da babban asibitin garinsu, ya wuce manyan asibitocin Gusau, watau na Gwamnatin Tarayya da na Ƙwararru na Yariman Bakura. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya kuwa suna Kware, gaba da Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200, da Barnawa ta Kaduna. Rashin tsaro ya ƙara wa hanyoyin nan nisa. A watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka rufe kasuwannin mako, mai neman shawara ko kuɗin magani ba shi da ta yi.

Sakamakon haka shi ne a riƙa sayen ƙwaya da tsohuwar takarda shekara da shekaru babu mai duba awon, ko a yanke ta ran da kuɗi ya ƙare. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 65, wanda aka buga a 2012, ya nuna cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, da kashi 64 na waɗanda aka cire musu. Dawowar ciwo kuwa ita ke mai da mutum ga mari. Gidajen da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, sun nuna inda iyalai kan kai nasu idan dabara ta ƙare musu.

Kammalawa

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ɗauki majinyaci a matsayin mai haƙƙi, wanda ake yi wa bayani a nemi yardarsa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da ciwon hankali, shi ne hanyar da za ta kawo wannan sani kusa da ƙauye. Hukumar NAFDAC kuma tana karɓar rahoton illar magani daga ma'aikatan lafiya.

Kafin waɗannan su game ko'ina, akwai abin da kowane gida zai iya. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin riƙe magani da ba da shi. A adana kwalinsa, a rubuta ranar da aka fara da ranar kowace allura, ko da boko ko da ajami. Kada a bar gaban likita sai an tambaye shi abu uku: me za a gani a makon farko, wace alama ce ta dawowa da gaggawa, yaushe za a sake duba awon. Idan sabon abu ya bayyana a jikin majinyaci bayan fara magani ko ƙara shi, a fara tuhumar maganin kafin a tuhumi iska ko maƙiyi. Sa'an nan a saurari majinyacin kansa, domin ciwon da ya taɓa masa tunani bai hana shi sanin inda ke yi masa zafi ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.